Sule Goma Biyu

Ranar da muka buɗe akwatin Baba a Agege,
bayan sadakar arba'in, ruwa na dukan kwano,
ƙarƙashin busasshen ganyen goro
da tikitin jirgin ƙasa, Iddo zuwa Gusau,
sai ga takardu biyu cikin gwangwanin alewa.
Sule goma-goma ne, uwa ɗaya uba ɗaya,
na zamanin da fam ke da baki a kasuwa.

Ɗaya ta sha hannu har ta yi laushin tsumma,
ta ji manja, ta ji gumi, kunne ɗaya ya gutsire,
wani ya yi lissafi a gefenta: bakwai da sisi.
Ɗayar kuwa fil, ko ninki babu,
sai ka ce jiya ta bar banki.

Yaya Talatu ta ce, "Watsar, Ɗanjuma.
Kuɗin da ba ya sayen ƙosai ai takarda ne."
Ban tanka ba. Washegari na hau danfo,
na haye gada, hannuna dafe da aljihu,
ina gadin abin da ɓarawo ma ba ya so.

Can bayan Marina, hawa na uku, wuta ta ɗauke,
Mista Oyelaran na zaune cikin matattun kuɗi:
anini mai huda, kwabo, fam ja, fam kore,
kowanne a rigar leda, kowanne da lamba.
Hausarsa ta Sabon Ibadan ce, tana ɗingishi,
amma idonsa ba ya tuntuɓe.

Ya sa safar hannu. Ya ɗauki hantsaki.
Ya ɗaga sabuwar wajen taga kamar mai duban ƙwai,
ya shinshina, ya yi shiru,
sannan ya faɗi kuɗin da ya kai hayar wata uku.
Na ce, "Wannan fa?"
Bai ko sa hantsaki ba, da farce ya turo ta.
"Wannan ta yi aiki da yawa, aboki. Ba ta da kasuwa."

Ta yi aiki da yawa.

Ashe wadda ta auno gari, ta sallami ɗan dako,
ta kwana a lalitar mai kifi, ta tashi a hular mahauci,
ta je biki, ta je makoki, ta biya bashin wani,
ita ce ba ta da kasuwa.
Wadda ba ta taɓa ciyar da kowa ba,
ta kwanta shekara hamsin da ɗori ba ta ga rana ba,
ita ake wa safar hannu.

Na juya bayansu. Hoto iri ɗaya:
maza na jibga buhuna, dala na tashi.
A sabuwar kana iya ƙirga yatsunsu.
A tsohuwar fuskokin sun goge,
saura buhunan kawai, da wuyan da ke ƙarƙashi.
Nan na ga Baba, da gammo, a tashar goro,
ƙeyarsa ta yi kanta, gashi ya daina fita.

Na sayar da sabuwar. Kada a ce na yi ƙarya:
mai gida na jira, kuma rufin yana yoyo.
Ya zura ta a leda, ya rubuta mata lamba,
ta shiga sahun 'yan'uwanta da ba su san wahala ba.

Da yamma a Oshodi, kwandasta ya miƙo hannu,
na ba shi ɗari biyu da ta sha salatif.
Ya wurgo mini: "Canza, malam, ta mutu!"
Na canza masa.
Na cusa ta aljihun ƙirji, inda tsohuwar take,
su biyu su yi hira har Agege,
ko wacce ta ba 'yar'uwarta labarin hannuwa.